Fura da Kilishi, Na Wa Ne?

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a rumfunan kasuwar Mai'adua ran Lahadi, inda mutanen Daura da na Zango sukan haɗu da baƙin da suka ƙetaro ta Kwangwalam daga Matamaye da Damagaram. Wani ya ce fura ta Hausawa ce, wani ya ce a'a, ta Fulani ce. In aka juya kan kilishi, mutumin Nijar ya ce a wurinsu aka koya, Bakano ya ce wasa ke nan. A dā hira ce kurum, a yi dariya a watse. Yanzu kuwa maganar ta shiga ofis, kuɗi sun shiga cikinta, saboda haka ya kamata manoma su san inda ta dosa.

A fara da fura. Gero ne tushenta, gero kuwa ya girmi kowace iyaka. Masu binciken tarihi sun tono alamun geron da aka noma a arewacin ƙasar Mali, wanda ya kai wajen shekara 4,500. Matafiyin nan Ibn Baɗɗuɗa, da ya ratsa ƙasar Mali a 1352 zuwa 1353, ya ba da labarin wani abin sha da aka ba shi, na dakakken gero da ruwa, wanda akan sa wa zuma ko nono. Ita kuwa iyakar da ta raba ƙasar Daura da Damagaram, Ingilishi da Faransa ne suka shata ta, aka kakkafa alamunta tsakanin 1906 da 1908. Watau tun kafin a san za a yi Nijeriya da Nijar ana damu a wannan ƙasa.

Sa'an nan a duba abin da ke cikin ƙwaryar. Manomi ya kawo gero. Matarsa ta surfa, ta wanke, ta daka, ta cura, ta dafa, ta kirɓa. Bafillatana ta kawo nono. Citta daga kudancin Kaduna take zuwa. Kanumfari asalinsa tsibiran Indunisiya ne. Barkono kuwa daga nahiyar Amurka ya fito, jiragen ruwan Turawa suka bazo shi bayan shekarar 1492. To, wane ne a cikin waɗannan zai ɗauki ludayi ya ce shi kaɗai ke da ita? Kilishi ma haka ne. Yanyana nama a shanya a rana tsohuwar dabara ce ta mutanen ƙasa mai zafi, amma gyaɗar da ake yin labu da ita baƙuwa ce, ita ma daga Amurka ta Kudu. Masu magana sun ce da abokin daka akan sha gari.

Duk da haka kada a ce maganar mallaka banza ce. A 2021 ƙasar Nijar ta yi rajistar kilishinta da albasar Galmi a ƙungiyar OAPI, mai hedkwata a Yawunde, wadda ke tsare sunayen kayayyaki na ƙasashen Afirka 17. Nijeriya ba ta cikin wannan ƙungiya. Ma'anar rajistar ita ce, a ƙasashen nan ba mai ikon sayar da nama da sunan kilishin Nijar sai wanda ya yi shi can, bisa ƙa'idar da aka rubuta. Wannan bai hana mahaucin Mai'adua yin kilishinsa ba, bai kuma ce Nijar ce ta ƙago shi ba. Amma mai saye a Dakar ko Abijan, in ya ga kaya biyu, ɗaya da shaida ɗaya babu, an san wanda zai ɗauka, an kuma san wanda zai fi tsada.

Waɗansu sun ji haushi, suna cewa an yi musu ƙwace. Ba haka ba ne. Maƙwabta sun haɗa kai, sun rubuta yadda ake aikinsu, sun nemi shaida. Abin koyi ne, ba abin fushi ba. Akwai ma wata hanya da ta fi dacewa da mutanen bakin iyaka. A 2020 ƙasashe huɗu, Aljeriya da Maroko da Tunisiya da Muritaniya, suka ajiye gardamarsu a kan kuskus, suka kai shi tare gaban hukumar UNESCO, aka rubuta shi gādon su duka. In waɗannan sun iya, me zai hana Daura da Damagaram, waɗanda harshensu ɗaya, aurensu ɗaya, su yi wa fura haka?

Amma takarda ba ta cika rumbu. Abinci na wanda ya riƙe shi ne, kuma riƙon yana farawa daga gona. Ga abubuwa uku da suka fi gardama amfani.

Na ɗaya, iri. Manomi ya zaɓi zangarniya mafi kyau tun a gona, ya ajiye ta dabam, kada yunwar bazara ta sa ya cinye. Sabon iri mai saurin nuna yana da amfani sa'ad da damina ta gajarta, amma kada ya sa a yar da na gado, gero ko maiwa, wanda matan gida suka san daɗinsa a turmi.

Na biyu, zama lafiya da makiyaya. Al'adar dā ita ce, bayan an kau da amfanin gona Bafillace ya sauka da shanunsa, su ci kara su bar taki, gero ya yi kyau baɗi, nono ya wadata. Inda aka noma burtali, ko aka saki shanu cikin shuka, wannan ciniki ya mutu. A birane har an fara dama fura da madarar gari ta ƙasashen waje. Ran da nonon saniya ya ɓace daga ƙwarya, gardamar Bahaushe da Bafillace ta ƙare, dukansu sun yi hasara.

Na uku, tsabta da haɗin kai. Kilishin da aka shanya a bakin hanya, ƙura da ƙuda suna sauka a kai, ba zai yi nisa ba komi daɗinsa. Mahauta da masu fura su kafa jam'iyyunsu, su yarda da ma'auni ɗaya da aiki ɗaya, yadda in an ce na Mai'adua ne mai saye zai amince ba sai ya ɗanɗana ba. Sarkin fawa da sarkin noma da malaman gona duk suna da abin yi a nan. Da aka rufe iyaka a 2019, da kuma 2023, 'yan kasuwa na ɓangarorin biyu sun ga yadda kowa ke bukatar ɗan'uwansa.

Saboda haka, mai tambaya ko fura ta wa ce, a ce masa ta mai gero ce da mai nono, muddin suna shiri. Allah ya ba da damina mai albarka, amin.