Guguwar rana: Me ya sa Najeriya ba za ta naɗe hannu ba

A ranar 10 ga Mayun 2024, guguwar maganaɗisu mafi ƙarfi tun 2003 ta afka wa duniya. Yayin da Turawa ke ɗaukar hoton jan haske a sama, manoma da dama a Amurka sun dakatar da shuka saboda GPS ɗin taraktocinsu ya rikice.

A tsakiyar lamarin akwai wutar lantarki da ke bin layukan maganaɗisu, daga garkuwar da ke kewaye da duniya zuwa ayonosfiya, sashen iska mai nisan kimanin kilomita 100 daga ƙasa. Masanin ƙasar Norwe, Kristian Birkeland, ya yi hasashenta tun 1908. Idan rana ta yi aman wuta, ƙarfinta kan kai miliyoyin amfiya: ta dumama iskar sama, ta dagula saƙon tauraron ɗan'adam, ta jawo wutar da ke lalata taransfoma. Haka lardin Kwibek na Kanada ya shafe sa'o'i tara babu lantarki a Maris 1989.

Najeriya tana nesa da doron arewa, amma ekwatar maganaɗisu ta ratsa ta, yankin da saƙon GPS kan yi rawa bayan faɗuwar rana. Ga shi jiragen sama da masu safiyo sun dogara da shi, Starlink kuma na aiki a ƙasar tun 2023.

Hukumar NASRDA tana da cibiyar binciken sararin sama a Anyigba, jihar Kogi. Lokacin kare kasafi, ya kamata 'yan majalisa su tambaya: ta wace hanya gargaɗin cibiyar ke isa ga TCN da NAMA, kuma cikin minti nawa?