Arlit: A koya wa matasa gano kuskuren manhaja kafin a miƙa masu takardar shaida

Ranar 31 ga Maris, 2021, kamfanin COMINAK ya dakatar da haƙar yuraniyom a raminsa na Akouta da ke gefen Akokan, bayan shekara 43 yana fitar da ma'adinin. Ma'aikata kusan 600 ne suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan da ke cin abinci ƙarƙashin 'yan kwangila. A watan Yunin 2024 gwamnatin Nijar ta janye lasisin Imouraren daga hannun kamfanin Orano na Faransa, a Yunin 2025 kuma ta sanar da mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya a wannan taƙaddama, iyaye a Arlit da Akokan sun riga sun gane cewa yaron da ya gama sakandare yau ba shi da tabbacin gurbin mahaifinsa na jiran sa a kamfani.

Shi ya sa da wuya a zauna zancen makomar waɗannan garuruwa ba a ambaci koya wa matasa kwamfuta ba. Shawara ce mai kyau, kuma akwai kasuwarta. Mai kantin magani yana son sanin abin da ya rage a shago da ranar da zai lalace. Mai sayar da kayan gyaran mota yana da littafin bashi da ya fi ƙarfin biro. Makaranta mai zaman kanta tana lissafin kuɗin ɗalibai, masu motocin da ke bin hanyar Agadez da Assamaka suna lissafin lodi da mai. Duk waɗannan suna bukatar ƙaramar manhaja da za ta zauna a kwamfutar kan tebur, ta yi aiki ko da intanet ko babu. A garin da ke da nisan kilomita kusan 240 arewa da Agadez, wanda hanyarsa ta daɗe tana ba direbobi wahala, ba a jiran injiniya ya taso daga Yamai don manhaja ta ƙi buɗewa.

Inda irin wannan horo ya saba yin tuntuɓe shi ne a nan: ana koya wa ɗalibi yadda zai gina taga da madannai, ba a koya masa abin da zai yi ranar da abin ya ƙi aiki. Yana bin bidiyo layi bayan layi, komai na tafiya, har ya kai manhajar shagon kawunsa. Can sai ta yi abin da bai taɓa gani a bidiyo ba. Daga nan ɗayan biyu ne, ko ya goge komai ya sake kwafa, ko ya yanke hukuncin cewa wannan sana'a ba tasa ba ce. Alhali yawancin matsalolin da ke kayar da ɗan koyo a Arlit sanannu ne, kuma tushensu ɗaya: kwamfutar tana kan tsarin Faransanci, darasin da aka kwafa na Ingilishi ne, sunayen da za a shigar na Hausa ne da Tamajak da Larabci, wutar kuma ba ta da alkawari.

A fara da lissafi. A makarantun Nijar ana rubuta sha biyu da rabi da waƙafi, wato 12,5. Ba'amurken da ya shirya darasin yana rubuta 12.5 da ɗigo, waƙafi a wurinsa na raba dubbai ne. Idan aka shigar da 12,5 a manhajar da aka rubuta da Python ba tare da an tanadi wannan ba, za ta tsaya ta fitar da saƙon kuskure. Wannan ma da sauƙi, domin an ga matsalar. A harshen C#, idan kwamfutar tana kan tsarin Amurka, umarnin da aka saba karanta lamba da shi zai karɓi 12,5 ya ɗauke shi 125, bai ce uffan ba. Lita sha biyu da rabi ta gas ta koma lita 125 a cikin littafi, kuma yaron shago ne za a fara tuhuma da sata. Haka kwanan wata: 03/04 a Arlit 3 ga Afrilu ne, a tsarin Amurka 4 ga Maris. A kantin magani wannan bambanci na wata guda yana iya zama tsakanin maganin da ke da rai da wanda ya mutu. Magani kuwa bai fi layi kaɗan ba: a faɗa wa manhaja ƙarara da wane tsari za ta karanta lamba, a ajiye kwanan wata shekara a gaba, sai wata, sai rana, a riƙa lissafin kuɗi da cikakkun lambobi tunda sefa ba ta da ɓarin da ake ciniki da shi. Wanda ya raina irin wannan kuskure ya tuna cewa a 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda wani ɓangaren manhaja na aiki da ma'aunin Amurka, ɗayan kuma da na mita.

Sai sunaye. Ɗalibi ya gwada manhajarsa da Ali da Musa, ta yi daidai. Ranar farko a makaranta aka zo rubuta Asma'u ko Sa'adu, sai ta faɗi. Dalili shi ne alamar hamza da ke tsakiyar sunan ita ce alamar da rumbun bayanai ke gane ƙarshen rubutu da ita, saboda haka da ya iso “Asma” sai ya ɗauka an gama, abin da ya biyo baya kuma ya zame masa shirme. Da yawa sukan warware wannan ta hanyar hana rubuta hamza gaba ɗaya, a mayar da Asma'u Asmau, wato a gyara sunan mutum don a daidaita shi da kuskuren mai rubutu. Hanyar da ta dace ita ce a daina manna abin da mutum ya shigar kai-tsaye cikin umarnin rumbun, a miƙa shi daban ta gurbin da aka tanada. Wannan gyara ɗin shi ne kuma ke toshe ɗaya daga cikin ƙofofin da masu kutse ke shiga ta cikinsu, don haka ɗalibin da Asma'u ta koya wa darasi ya koyi tsaro bai sani ba.

Baƙaƙen Hausa masu ƙugiya ma suna da nasu tarko. Tsohon tsarin baƙaƙe da Windows na Faransanci ke komawa gare shi, Windows-1252, yana da é da ç, amma ba shi da ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ. Shi ya sa ake rubuta Ɗan Ƙasa a taga, a buɗe fayil a tarar da alamun tambaya, ko Python ya ƙi ajiyewa sam. Sai an umarci manhaja ta yi amfani da UTF-8 wajen ajiyewa da wajen karantawa duka. Da wannan tsari har Tifinar na Abzinawa yana shiga, domin yana cikin Unicode tun 2005, kuma salon rubutu na Ebrima da ke zuwa tare da Windows yana nuna shi. Akwai kuma abin da sai ɗan gida zai lura da shi: a Nijar ana rubuta ƴ, a Najeriya an fi rubuta 'y, saboda haka akwatin bincike da bai san su ɗaya ba ne zai ce babu sunan alhali yana nan. Tunda kundin sabunta ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, manhajar da ba ta iya ajiye ƙ ba ta cancanci shiga ofishin magajin gari ba.

Matsala ta uku ita ce taga ta daskare, Windows ta rubuta “Ne répond pas” a samanta. Ɗan koyo yakan ɗora laifin a kan tsufan kwamfuta. Sau da yawa kwamfutar lafiyarta lau. Misalinsa shago ne mai yaro ɗaya: idan aka tura shi sito ya ƙirga buhuna, babu mai amsa sallama a ƙofa. Manhajar tana da ma'aikaci guda da ke kula da taga, kuma idan aka ɗora masa dogon aiki, kamar haɗa rahoton shekara, Windows na jira kamar daƙiƙa 5 ne ta bayyana cewa ba a amsawa. Mai shago ya ga haka sai ya kashe ta da ƙarfi, wataƙila ana tsakiyar ajiya. Gyaran shi ne a ba wani ma'aikaci na bayan fage dogon aikin, a bar na farko a ƙofa yana nuna inda aka kai.

Ta huɗu ita ce wuta. Lantarkin Arlit daga tashar kwal ta SONICHAR da ke Tchirozerine yake zuwa, kuma mazauna garin ba sa bukatar a ba su labarin ɗaukewarsa. Manhajar da ke sake rubuta dukkan littafin bashi a kan tsohon fayil duk lokacin da aka danna ajiya, caca take yi: wuta ta ɗauke a tsakiya, sabon bai kammala ba, tsohon ya tafi. SQLite, wanda kyauta ne kuma ba ya bukatar intanet, an gina shi ne yadda ajiya za ta shiga gaba ɗaya ko ta fasa gaba ɗaya. A haɗa da kwafi na kullum a filas da ba ya kwana a shagon, saboda ƙura da zafin Arlit ba sa barin na'ura ta tsufa da mutunci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ta ƙarshe ita ce wadda kowane mai wannan sana'a ya taɓa faɗa da bakinsa: “Ai a tawa tana aiki.” Tana aiki ne domin an rubuta adireshin fayil da sunan mai kwamfutar a ciki, ko domin tasa tana da Java ko .NET da ta mai shago ba ta da su, ko an gina ta don Windows mai bit 64 aka kai ta mai 32. Manhajar da ba a gwada a kwamfutar wani ba, ba a gama ta ba.

Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne babu wadda ke bukatar baiwa ta musamman. Tsari suke bukata, kuma tsarin ba baƙo ba ne a garin da aka kafa a 1969 saboda injuna. Tsohon makanikin COMINAK ba ya kwance inji don ya ji ƙara. Yakan tambayi yaushe ta fara, ya sa a tayar ya ji da kunnensa, ya canja abu ɗaya, ya gwada, ya rubuta a littafi. Haka ake farautar kuskure a manhaja. A karanta saƙon kuskure har ƙarshe, domin a Python layin ƙarshe ne ke faɗin irin kuskuren, na samansa kuma su nuna fayil da lambar layi. A nemo hanyar da za a sa kuskuren ya maimaita kansa. A rage manhajar har sai ɗan guntun da ke da ciwon ya rage. A daina ɗabi'ar rufe wa kuskure baki da umarnin da ke haɗiye shi ya wuce, wanda daidai yake da cire fitilar gargaɗi daga gaban mota.

Wasu za su ce zamani ya wuce nan, yanzu waya ce komai, kuma ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT tana rubuta manhaja cikin minti ɗaya. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai abin da ta rubuta ma zai iya faɗuwa a kan Asma'u da 12,5, domin ba ta san kwamfutar shagon ba sai an gaya mata, kuma wanda bai iya karanta saƙon kuskure ba bai san abin da zai tambaye ta ba. Waƙafi da hamza da ɗaukewar wuta kuma suna nan a manhajar waya kamar yadda suke a ta tebur. Wanda ya iya gano su a nan zai gane su a can.

Saboda haka akwai abin da ya rage ga masu ruwa da tsaki. Cibiyoyin koyon sana'a da masu ba da horo a Arlit da Akokan su canja yadda suke jarrabawa: a ba ɗalibi manhajar da aka ɓata da gangan, a ce ya gano ciwon ya bayyana shi da Hausa ko Tamajak, sannan a ba shi takarda. Jami'ar Agadez, wadda aka kafa a 2014, da makarantar ma'adinai ta EMAIR suna iya tura ɗalibansu su gina wa asibitocin unguwa da makarantu ƙananan manhajoji, da sharaɗin su ci gaba da kula da su wata da watanni, domin a kulawar ake koyon sana'ar. A sauke littattafan bayanin Python, waɗanda har fassarar Faransanci suke da ita, a kwamfutocin aji, a koyar da Git wanda ke ajiye tarihin kowane canji ba tare da intanet ba. Ƙananan hukumomin jihar kuma, waɗanda dokar ma'adinai ta 2006 ta ware wa kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar ma'adinai, su tuna cewa ɗakin kwamfuta ba malamin da ya iya gyara, da batirin da zai riƙe wuta, ɗakin ajiyar ƙura ne.

'Yan kasuwa su ma da nasu. Wanda zai biya makaniki kuɗin duba mota bai kamata ya ɗauki gyaran manhaja a matsayin alfarmar ɗan unguwa ba. A yi yarjejeniya tun farko kan kuɗin kulawa, a kuma gwada manhajar da ainihin sunayen kwastomomi da ainihin farashi kafin a ajiye tsohon littafi. Idan aka yi haka, matashin da ya gyara wa kantin magani lissafi a Akokan zai samu wanda zai kira shi a Tchirozerine da Ingal da Agadez, domin matsalolin iri ɗaya ne, kuma masu iya gano su ba su da yawa.