JA DA BAYA GA RAGO BA TSORO BA NE

Wani saurayi ya rubuto mini daga Zariya, ya ce ƙwacen waya ya dami unguwarsu, har mutum ba ya iya fita bayan isha'i da kwanciyar rai. Yana tambaya ko ya shiga koyon dambe ko karate don ya tsare kansa. Tambayarsa ta sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi, don haka zan amsa masa a wannan fili, ko wani ma ya ƙaru.

Ina da ɗan ƙane a Kano, ƙaƙƙarfa, wanda ya daɗe yana ɗaura kara a filin dambe. Ran nan da almuru yana komowa daga kasuwa, sai samari uku suka tare shi a lungu, suka ce ya miƙo waya. Zuciya ta ɗebe shi, ya kirɓa wa na gabansa naushi, ya zube. Bai san akwai wani a bayansa da wuƙa ba, sai jin ta ya yi a kwiɓi. Allah ya yi da sauran kwana, amma kuɗin magani ya ninka kuɗin wayar, ga wayar kuma ta tafi.

Watau dambe daban, harin hanya daban. A filin dambe mutum biyu ne, an gwada tsararsu, hannu ɗaya aka ɗaure, turmi uku ake yi, in an yi kisa a raba. A hanya kuwa babu mai rabawa, babu makaɗi, ba ka san yawansu ba, ba ka san abin da ke cikin rigarsu ba. Ko Shago, wanda Ɗan Anace ya wasa, ba shi da ido a ƙeya. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Ba mu muka fara gane haka ba. Wani Baturen Ingila, William Fairbairn, ya shiga aikin ɗan sanda a birnin Shanghai na ƙasar Sin cikin 1907. Bai daɗe ba 'yan iskan gari suka yi masa taron dangi, suka bar shi rai a hannun Allah. Da ya warke sai ya duƙufa koyon kokawar Japanawa da ta mutanen Sin. Sa'an nan ya tace su, ya zubar da duk abin da ke na ado da burgewa, ya bar 'yan dabaru kaɗan masu sauƙi waɗanda mutum zai iya yi ko jikinsa na rawa. Ya buga su a littafi mai suna Defendu cikin 1926, kuma da aka shiga Yaƙin Duniya na Biyu aka sa shi koya wa sojan Ingila. Hikimarsa ita ce, in tsoro ya zo, dabara mai wuya takan gudu ta bar mai ita.

Ga wani abin lura kuma. Cikin 1983 wani sajen 'yan sanda a Amurka, Dennis Tueller, ya gwada ya ga mai wuƙa yana iya cin tazarar ƙafa 21 cikin kamar daƙiƙa ɗaya da rabi. To, jama'a, wane ne zai shirya cikin wannan ɗan lokaci, balle wanda ya sunkuyar da kai yana latsa waya?

Saboda haka, ɗan'uwana, makaminka na fari ido ne. Ka sa waya a aljihu in kana tafiya, ka cire abin sauraro daga kunne, ka bi hanya mai haske da mutane ko da ta fi nisa. In ka hangi abin da ranka bai kwanta da shi ba, ka sake hanya ko ka faɗa shagon wani. Na biyu murya: ka kwarma ihu da ƙarfi, gama ɓarawo ba abin da ya ƙi kamar taro. Na uku ƙafa. In an zare maka wuƙa ana son waya, ka jefa ta gefe guda, kai ka yi ɗaya gefen. Waya tana da kasuwa, rai ba shi da ita. Hannu shi ne na ƙarshe, ranar da aka rutsa ka ba mafita, ko aka nemi a tafi da kai. Ko a nan ma, ka buga ne don ka sami ƙofar gudu, ba don ka ci gari ba.

Ban hana ka koyo ba, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Amma ka nemi malamin da zai koya maka kwance riƙo, da kare kai da wuya, da faɗuwa ba rauni, da tashi da sauri, ya riƙa gwada ka da abokin da ke turjewa da gaske. In malami ya ce zai sa ka iya ƙwace wuƙa cikin sauƙi, ka riƙe kuɗinka. Ka haɗa da koyon tsai da jini, watau a danne rauni da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a ɗaga har a kai asibiti. Mata da 'yan mata ma kada a bar su baya.

Abu na ƙarshe shi ne doka. Sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1999 ya yarda mutum ya kare kansa, amma gwargwadon bukata. Wanda ya bi ɓarawo bayan ya juya, ko ya shiga taron dukansa har ya mutu, ya fita daga kariyar kai, shi ma ya zama abin tuhuma. Ka kai ƙara wurin 'yan sanda, ka bar hukunci ga alƙali.

Ɗan ƙanen nan nawa ya koma filin dambe, amma yanzu in ya ga lungu mai duhu kewayewa yake yi, ba ya kuwa jin kunya. Allah ya tsare mu, amin. Haza wasalam, sai mako mai zuwa.