Malaman Tauhidin Kirista da Batun Harshen Uwa

A kan tsaunin Akuapem, a garin Akropong da ba shi da nisa da Akara, akwai wata cibiyar nazarin tauhidin Kirista mai suna Akrofi-Christaller. Da yawa daga cikinmu mazauna zango mun sha wucewa ta wannan hanya ba mu san abin da ake yi a ciki ba, kuma ko da mun sani, sai mu ce ba gonarmu ba ce. Ni ina ganin akwai kuskure a nan. Tambayar da malaman wurin suka shafe shekaru suna juyawa tana tsaye a ƙofar kowane gida na zango: da wane harshe mutum zai yi tunani a kan abin da ya fi kome girma a ransa?

Sunan cibiyar ma darasi ne. Johann Christaller Bajamushe ne ɗan mishan ɗin Basel, wanda ya jagoranci fassara Baibul zuwa harshen Twi, wato abin da mu muke haɗawa duka mu kira Tonanci, aka buga a 1871, sannan ya fitar da ƙamus a 1881. Clement Akrofi kuwa ɗan ƙasa ne da ya rubuta nahawun Twi da Twi ɗin kansa. Wanda ya assasa cibiyar shi ne Farfesa Kwame Bediako, da aka haifa a 1945 ya rasu a 2008. Da adabin Faransanci ya fara, ya yi digirin digirgir a Bordeaux, har ya taɓa zama wanda bai yarda da samuwar Ubangiji ba. Daga baya ya koma ga addini, ya sake wani digirin a Aberdeen a ƙarƙashin Andrew Walls.

A littafinsa Theology and Identity na 1992, Bediako ya ɗauko marubutan Kirista na ƙarni na biyu, irin su Justin da Tertullian mutumin Kartaj da Clement na Iskandariyya, ya jera su da malaman Afirka na zamaninsa. Ya nuna cewa damuwarsu ɗaya ce: mutum ya karɓi sabon addini, to, yaya zai yi da tarihin kakanninsa? Ya yar da shi gaba ɗaya, ko ya tace shi? Amsarsa ita ce addinin da bai shiga harshen uwa ba baƙo ne har abada, kome yawan mabiyansa. Shi ya sa ya ɗauki addu'o'in Afua Kuma, wata manomiya kuma ungozoma daga yankin Kwahu wadda ba ta yi boko ba, ya sa su a sahun abin da masana za su yi nazari. Mai digirin digirgir biyu ya zauna yana ɗaukar karatu daga bakin tsohuwar ƙauye. Wannan kaɗai ya isa a jinjina masa.

Ba kowa ya yarda da wannan hanya ba. Tun kafin littafin Bediako, Byang Kato, mutumin Kwoi a kudancin Kaduna, ya yi kashedi a littafinsa na 1975 cewa masu neman kusantar da Kiristanci ga al'adun gargajiya, har da John Mbiti na Kenya, suna iya ƙarewa da gauraya addini da bautar iskoki. A shekarar nan ce ya nutse a teku a Mombasa yana da shekara 39, gardamar kuma ba ta mutu da shi ba. Duk wanda ya taso a zango ya san irin wannan ja-in-ja a kan inda al'ada ta tsaya da inda addini ya fara, ko da sunayen masu yin ta daban ne.

Wanda ya fi shafarmu kai-tsaye shi ne Lamin Sanneh, ɗan Gambiya da ya tashi a gidan Musulmi ya koma Kirista, ya koyar a Legon, ya ƙare yana farfesa a Yale har rasuwarsa a 2019. A littafinsa Translating the Message na 1989, ya ce 'yan mishan, ko sun so ko ba su so ba, sun ƙarfafa harsunan Afirka, domin tilas ta sa su rubuta nahawu da ƙamus, su kuma ari sunan Ubangiji daga bakin mutanen da suka tarar. Hausa shaida ce. Schön ya fitar da ƙamus a 1876, ya kuma rubuta labaran Dorugu daga bakinsa. Baibul na Hausa da aka kammala a 1932, wanda Walter Miller na Zariya ya yi wa hidima, da kalmar Allah ya yi amfani.

Sai dai a nan nake rabuwa da Sanneh. Ya kwatanta wannan da Musulunci, inda Alƙur'ani da salla suka tsaya a Larabci, har mai karatu ya ɗauka harsunan gida ba su sami gurbi a can ba. Sanneh ya san tarihin Musuluncin Afirka ta Yamma ƙwarai, shi ne ma fannin da ya fara ƙwarewa a kai, amma ma'auninsa bai ba ajami nauyin da ya kamata ba. Da wane harshe ake fassara a zauren tafsiri cikin azumi? Nana Asma'u ta yi waƙoƙin wa'azi da Hausa da Fulatanci domin matan da ba su jin Larabci. A nan ƙasar, Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934, ya rubuta da Larabci da Hausa duka biyu. Nassi ya zauna a harshensa, amma fahimta da Hausa aka yi ta.

To, amma wa zai kai wannan gyara inda za a ji shi? Maƙwabtanmu sun gina cibiya, sun tara littattafai, suna horar da ɗalibai su yi nazari mai zurfi da harsunansu na gida. Mu kuwa takardun ajamin kakanninmu da yawa suna cikin akwatuna gara na ci, yaranmu kuma Turanci da Tonanci sun fi zama a bakinsu. Ɗalibin zango da ya shiga sashen nazarin addinai a Legon ya karanta Bediako da Sanneh da idon basira, ba addininsa ya sayar ba. Shi ne wanda gobe zai iya zama a teburi ɗaya da almajiran Sanneh, ya buɗe musu rubutun Alhaji Umaru, ya nuna musu shafin da malaminsu ya tsallake.