A Sa wa Taransifomominmu Shaida

Duk wanda ya ratsa gonakin Ungogo daga Fanisau zuwa Rangaza da damina, sa'ad da dawa ta kere mutum, ya san cewa taransifomar da ke bisa falwaya, wadda tsatsa ta cinye lambarta, ba ta da shaidar da ma'aikaci zai karanta face ya hau, ya yi kasada da ransa. Alhali kuwa akwai 'yar alamar RFID marar batir, wadda na'ura ke karantawa daga ƙasa, rajista ta bayyana tarihin gyaran taransifomar. Haƙiƙa sa wannan alama amana ce ta rai da dukiyar al'umma. Muna roƙon KEDCO, wadda ta karɓi rarraba wuta a 2013, ta fara sa alamar daga ƙauyukanmu.