Gidan Yari Ba Asibiti Ba Ne

A Gwandu ko Kalgo, idan aka kama ɗan shekara 15 da ƙwayar tiramol a aljihu, sau da yawa uban ne da kansa zai roƙi alƙali: "Ranka ya daɗe, a kulle shi ya yi hankali."

Wane hankali? Gidajen horon yara na gwamnatin tarayya suna Kaduna da Ilorin da Abeokuta, babu ko ɗaya a Kebbi. In aka yi rashin sa'a, sai a ƙara wa yaron shekaru a takarda, a jefa shi cikin manya, ya kwana gefen dilan da ya fi wanda ya sayar masa ƙwarewa.

Alhali dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta tanadi hukuncin da ba ɗauri: aikin al'umma, sa ido, sulhu. Me zai hana a damƙa yaron ga mai unguwa, a haɗa shi da likita da kafinta, ya riƙa bayyana gaban kotu duk wata?

Wai wannan sangarta ce. To, ɗan mai kuɗi in kodin ya kama shi, asibitin Kware ake kai shi a asirce, ban taɓa jin an kira hakan sangarta ba.