Gawar da babu wanda ya zauna makokinta

Ranar 4 ga Afrilu 2024 Janar Abdurahaman Tiani ya sa hannu kan dokar da ta rushe majalisun ƙananan hukumomi, da na manyan birane huɗu, da na jihohi. Kansilolin da aka zaɓa ranar 13 ga Disamba 2020 suka kwana da muƙami, suka wayi gari babu shi. A Yamai, Kanal Bubakar Sumana Garanke ya hau kujerar Umaru Dogari. Sauran garuruwa kuma aka tura musu kantomomi, da yawansu masu kaki. Sanarwar ba ta faɗi laifin da majalisun suka yi ba, kuma babu wanda ya matsa a faɗa masa. Ba a rufe kasuwa a Maraɗi ba, ba a yi jerin gwano a Damagaram ba, a Tawa masu shayi ba su rasa ciniki ba. Abin da aka fi ji a bakin rumfuna da cikin biro-biro shi ne: Allah ya raka taki gona.

Wannan shirun ya fi dokar kanta ban tsoro. Hukumar da ta fi kowace kusa da talaka, wadda ke riƙe da kasuwarsa, da tasharsa, da takardar haihuwar ɗansa, da maƙabartar da za a kai shi, an kashe ta da layi biyu, talaka bai ko ɗaga kai daga kan mudunsa ba. Masu cewa soja ne suka kashe ta sun faɗi rabin gaskiya. Soja gawa suka tarar, suka rufe ta. Waɗanda suka yi kisan suna nan da ransu, kuma yawancinsu farar hula ne.

Tarihin ba shi da tsawo, sai dai ɗaci. Babban taron ƙasa na 1991 ya yi alkawarin mayar wa jama'a ikon garuruwansu. Alkawarin ya kwanta cikin takardu har sai da bindiga ta yi kuka a arewa, aka sake rubuta shi cikin yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu 1995; wato abin da ɗan kudu ya roƙa da baki ba a ba shi ba, sai da wani ya nema da harsashi. Zaɓen farko na 7 ga Fabrairu 1999, da aka ga ƴan adawa sun doshi nasara, aka far wa wuraren ƙirga ƙuri'u, kotun ƙoli ta soke sakamako a wurare da dama, bayan kwana biyu da hukuncin aka kashe Shugaba Ibrahim Ba'are Mainasara, zaɓen ya bi shi kabari. Sai ranar 24 ga Yuli 2004 ƙananan hukumomi 265 suka sami zaɓaɓɓun shugabanni. Shekara 13 tsakanin alkawari da cikawa. Bayan juyin mulkin Salu Jibo na 18 ga Fabrairu 2010 aka koma hannun kantomomi, aka sake zaɓe a Janairun 2011.

A nan ne ya kamata masu kukan dimokuraɗiyya na yau su sunkuyar da kai. Wa'adin kansila shekara 5 ne. Waɗanda aka zaɓa a 2011 ya kamata su koma gaban jama'a a 2016. Gwamnatin farar hula, zaɓaɓɓiya, mai majalisar dokoki da kotun tsarin mulki, ta ɗage zaɓen, ta sake ɗagewa, ta shiga ƙara wa kansiloli wa'adi wata shida-shida kamar mai sabunta lasisin tuƙi, har Disamban 2020. Kusan shekara 10 ba a tambayi mutumin Mayayi ko na Matamai ko yana son magajin garinsa ba. A cikin shekarun nan an sami kuɗin zaɓen shugaban ƙasa da na ƴan majalisar dokoki a 2016, zagaye biyu cur. Na ƙananan hukumomi ne kaɗai kullum aljihu ba ya kai wa gare shi. Magajin garin da ya san zamansa a kujera yana hannun majalisar ministoci, wa zai ji tsoro, mai tallar goro ko ministan cikin gida?

Kuma ministan bai ɓoye sandarsa ba. A 2013 jam'iyyar Hama Amadu ta fice daga ƙawancen da ke mulki a watan Agusta. Ba a yi wata biyu ba majalisar ministoci ta tuɓe Umaru Dogari, ɗan wannan jam'iyya, daga shugabancin birnin Yamai, bisa zargin rashin iya riƙon dukiya. Zargi gaskiya ne ko ƙage, aikin kotu ne ta faɗa. Abin da kowa ya gani da idonsa shi ne lokacin da aka zaɓa don tuna laifin. A Yulin 2017 wanda ya gaje shi, Asan Saidu, shi ma aka tuɓe shi, aka miƙa babban birnin ƙasa ga hukumar riƙo ta naɗi, haka aka zauna har 2021. Saboda haka kantoma ba baƙo ne da soja suka shigo da shi ba. Ƴan siyasa ne suka saba wa jama'a da shi, suka koya musu cewa ƙuri'ar gari abar wasa ce, ana iya share ta da zaman majalisar ministoci guda ɗaya.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ƙashin bayan komai. An ba komin suna, an ba ta hatimi da tuta da ɗamarar magajin gari, aka riƙe tukunya a Yamai. Babban abin da ƙaramar hukumar karkara ta dogara da shi shi ne harajin kai na sefa 700, dala 140 ke nan, wanda talaka har yau yake kira lampo, wanda kuma sai ta hannun hakimai da masu gari yake fitowa, in ya fito. Sauran kuwa tikitin kasuwa ne, da na tasha, da na turken dabbobi. Kason da doka ta ce baitulmali ya mayar wa garuruwa daga harajin da yake karɓa yakan iso a makare, in ya iso. A 2016 gwamnati ta fitar da dokokin miƙa wa ƙananan hukumomi fannoni huɗu: ilimi, kiwon lafiya, ruwa da muhalli. Aikin ya sauko, kuɗin ya tsaya a sama. Aka ɗora wa jaki kayan raƙumi, aka hana shi dusa, sannan aka taru ana mamakin yadda ya durƙushe.

Ko manyan ayyukan da suka canza fuskar birane ba daga majalisun gari suka fito ba. Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018: kwalta, fitilu, dandamalin faretin 18 ga Disamba, duka kwamitocin da gwamnati ta naɗa ne suka tsara su, suka raba kwangila. Magajin gari ya sa babbar riga ya tarbi baƙi. Da aka watse, shi aka bar wa fitilun da suka mutu da magudanan da suka cika da leda.

Wannan ba wanke magadan gari ba ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da suka ga babu kuɗi a asusu, sai suka gano rijiyar da ba ta buƙatar izinin baitulmali: yankan filaye. Gonar da ke bakin gari a auna ta, a kafa duwatsu, a fitar da takardu, kason masu gona, kason kansiloli, kason manyan jam'iyya, kason wanda ya yi shiru. Filin da taswira ta ware wa lakwal ko ɗakin shan magani ya wayi gari ya zama shaguna. Fili guda ya fito da takarda biyu, wani lokaci uku, masu shi su tsufa a ƙofar alƙali. Majalisun da yawa ba su san wani aiki da ya wuce ƙuri'ar tsige magajin gari ba, kuma duk wanda ya zauna garin da aka yi irin wannan ya san yadda akan kwashe kansiloli a ɓoye su a wani gida kwana biyu kafin zama, kamar amaren da ake tsoron a sace. Ba a kan rijiya ko asibiti ake wannan faɗan ba. A kan wanda zai riƙe alƙalamin sa hannu ne.

Daminar 2024 ta zo ta karanta lissafin da babu wanda ya so karantawa. A ƙarshen Agusta ruwan sa'a ɗaya da rabi ya kashe aƙalla mutum 15 a birnin Maraɗi. A farkon Satumba tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya rufta. A ƙasa baki ɗaya rayuka kusan 400 suka salwanta, sama da mutum miliyan 1.5 suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Ruwan ya wuce misali, wannan babu musu, kuma ba magajin gari ke saukar da shi ba. Amma ruwa ba ya mance hanyarsa; wanda ya sa hannu aka yanka fili a kan hanyar ruwa, da wanda ya karɓi kuɗin tsabtar gari shekara da shekaru bai yashe magudana ba, ba za su ɓuya a bayan ƙaddara ba.

To, ina ƴan kasuwa da ma'aikata suke duk tsawon wannan lokaci? A nan maganar take da zafi, don su ne suka fi kowa tafi ranar 4 ga Afrilu. Babban ɗan kasuwa shi ne ya sayi babura da turamen atamfa na yaƙin zaɓe, shi ne ya zaɓi yaron da za a sa a kan jerin ƴan takara, ba don yaron ya san hanyar biro ba sai don ya san hanyar gidan Alhaji. Ladan da ya karɓa shi ne rumfuna a bakin hanya, da kwangilar da ba a yi tallarta ba, da mai karɓar haraji da ke wuce ƙofarsa ido a ƙasa ya je ya tsaya kan mai tallar tumatir. Ma'aikaci kuwa, mai ilimin da ya fi kowa iya karanta kasafin kuɗi, ya ɗauki siyasar gari a matsayin aikin marasa aiki. Doka ta ce majalisar gari tana zama kowane wata uku, ƙofa a buɗe ga duk mai son saurare. Malaman makaranta nawa, ma'aikatan asibiti nawa suka taɓa jan kujera suka zauna? Sun san ƙofar biron magajin gari ne kawai ranar da za su nemi fili. Ba laifinsu kaɗai ba: tun farkon shekarun 2000, lokacin da gwamnati ta biya bashin albashi da filaye, aka koya wa ma'aikaci cewa ƙasar gari kuɗi ce da ake rabawa. Ya koyi darasin da kyau.

Yanzu su ne ke cewa kantoma ya fi, don yana zuwa aiki da wuri, yana rushe rumfunan da suka tare hanya, ba ya jiran kowa. Wataƙila wani kantoman ya fi wani magajin garin. Mutanen kirki ba su ƙare cikin kaki ba, kamar yadda ba su ƙare cikin babbar riga ba. Amma tambayar ba ta halin mutum ba ce. Magajin gari, komai lalacewarsa, ɗan unguwa ne: an san gidan ubansa, ana tare shi a wurin jana'iza, akwai kansilan adawa da zai tona shi ko don ƙyashi, akwai ranar da zai dawo neman ƙuri'a. Kantoma takarda ce ta kawo shi, takarda za ta ɗauke shi, idonsa yana kan wanda ya rubuta takardar. In ya yanka fili, wace majalisa za ta ce ba ta yarda ba? In ya ƙara kuɗin rumfa, ina ɗan kasuwa zai kai kuka? Tun da aka rushe jam'iyyun siyasa a Maris 2025, aka kuma yanka wa mulkin riƙo wa'adin shekara 5 wanda ake iya tsawaitawa, ko mai ƙyashin da zai yi tonon ba shi da rumfar tsayawa. Duk ƙofofin da magadan gari suka bi suka ci suna nan a buɗe. Abin da aka cire kawai shi ne mai leƙe.

Masu mulki suna cewa sake gina ƙasa suke yi, kuma sun zo ne don raba ta da cin amana. Akwai gwajin da ba ya buƙatar zaɓe, ba ya buƙatar tallafin waje, ba ya taɓa sirrin tsaro. Kowane kantoma ya manna a ƙofar bironsa, da Faransanci da Hausa, abin da aka karɓa a kasuwa da tasha kowane wata, da inda kuɗin ya tafi. Ya manna taswirar kowane yankan filaye da aka yi tun 2011, da sunan wanda aka ba kowane fili, har da na bayan Afrilun 2024. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa, waɗanda suka iya rufe shaguna in duwan ta ƙara musu kuɗin fito, su ne ya kamata su fara neman wannan. Ƙungiyoyin ƙwadago, waɗanda suka san hanyar yajin aiki in albashi ya makara, su bi bayansu. Mai tallar tumatir da ake yaga wa tikiti kowace ranar kasuwa ta riga ta biya kuɗin takardar da za a manna, har da na ƙusa.